Ciwon mara duk wata da jiran haihuwa: amsa ga mai fama da endometiriyosis

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Argungu: "Assalamu alaikum likita. Shekarata 31, shekara 5 da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. Tun ina budurwa duk wata sai ciwon mara ya kwantar da ni, har da amai. An yi mini maganin sanyi har na gaji, na asibiti da na gargajiya. Kwanan baya na yi hoto a Birnin Kebbi, aka ce akwai ƙullutu mai santimita 4 a ma'ajiyar ƙwaina ta hagu, kuma sunan ciwon endometiriyosis. Aka rubuta mini wata ƙwaya, daga baya na gano ta tsarin iyali ce. Ni da nake neman haihuwa ido rufe, ta yaya za a ba ni wannan? Kuma shin zan haihu kuwa?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu, Allah Ya ba ki lafiya, Ya kawo rabo mai albarka.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ita ce ke hana ki barci. Wannan ciwo ba ya nufin an rufe miki ƙofar haihuwa. A cikin matan da ke da shi, kashi 30 zuwa 50 cikin 100 ne ke shan wahalar samun ciki. Sauran suna haihuwa lafiya lau, wasu ma ba a gane suna ɗauke da shi sai an yi musu tiyata a kan wani dalili daban. Cikin masu shan wahalar ma, da dama suna samu bayan an taimaka musu. Sai dai ke kin riga kin yi shekara 5 kina jira, saboda haka kin wuce sahun waɗanda za a ce su koma gida su ƙara haƙuri. A likitance, ma'auratan da suka yi shekara 1 suna tare ba ciki ana fara bincikensu, idan kuwa matar ta kai 35, wata 6 kawai ake jira.

Ga abin da ke faruwa a jikinki. A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke yin kauri duk wata tana shirin karɓar ciki, idan bai shiga ba sai ta zube, ita ce jinin al'ada. A wannan ciwon, wani nama mai kama da shimfiɗar ne ke tsirowa a wajen mahaifa: a kan ma'ajiyar ƙwai, a bayan mahaifa dab da dubura, a jikin hanji ko mafitsara, ko a kan 'yar fatar da ta lulluɓe cikin mara. Sinadarin isturojin da ke juya al'adarki shi ne ke ciyar da shi, don haka duk wata sai ya kumbura ya yi jini. Jinin mahaifa yana da hanyar fita, wannan kuwa tamkar ruwa ne aka kwarara a ɗakin da ba magudana. Wurin sai ya yi ta raɗaɗi, ya warke da tabo, tabon ya manne gaɓoɓin da ya kamata kowace ta riƙa motsi ita kaɗai. Ƙullutun da aka gani a hotonki tsohon jini ne da ya yi ta taruwa wata bayan wata. Idan muka fasa irinsa a ɗakin tiyata, abin da ke fitowa baƙi-baƙi ne mai kauri, ba mugunya ba. Ba ciwon daji ba ne, ba a wurin miji ake ɗaukarsa ba, ba a kuma shafa masa.

Tun 1927 wani likita Ba'amurke, John Sampson, ya bayyana cewa wani ɓangare na jinin al'ada kan koma da baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin mara. An tabbatar haka na faruwa, amma ga mafi yawan mata, alhali kaɗan ne ke kamuwa da ciwon, don haka akwai hannun gado da na garkuwar jiki a ciki. Wadda mahaifiyarta ko yayarta ke da shi ta fi kusa da samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa tana da shi, kimanin mata miliyan 190 ke nan. Ki lissafa matan gidan biki ɗaya ki ga.

Maganar sanyi ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A ƙasar nan kusan duk ciwon da ya sauka ƙasan cibiyar mace sunansa sanyi, a kemis haka, a wurin mai maganin gargajiya haka, a wasu asibitocin ma haka. Laifin ba na jama'a kaɗai ba ne. An daɗe ana koyar da likitoci cewa endometiriyosis ciwon Turawa ne, na mata 'yan boko masu jinkirta aure, baƙar mace kuwa idan ta zo da ciwon mara to ƙwayar cuta ce ta hau mahaifarta. Da aikin kyamara, wato tiyatar da ake shigar da madubi ta ƙaramar huda, ya yaɗu aka riƙa leƙa cikin matanmu, sai ga ciwon nan jingim. Amma tsohon tunanin bai mutu ba, shi ya sa mace za ta sha ƙwayoyin kashe cuta kala biyar, a yi mata allurai, a haɗa da mijinta, wata mai zuwa ciwon ya dawo a ranar da ya saba. Wannan dawowa a kan lokaci ita ce babbar shaida. Ciwon da ƙwayar cuta ta kawo bai san kalanda ba, yakan zo da zazzaɓi ko ruwa mai wari, kuma yakan ji magani. Wannan kuwa yana farawa kwana biyu ko uku kafin jini, ya tsananta da zuwansa. Ana jin zafi can ciki lokacin kwanciyar aure, ba a baki-baki ba. Wata idan tana al'ada tsoron shiga bayi take yi, saboda bayan gida kan zo mata da suka har cikin dubura. Ga kumburin ciki, ga gajiya marar dalili. A duniya baki ɗaya mace kan yi shekaru, sau da yawa bakwai ko fiye, kafin a gano sunan abin da ke damunta, ke nan ba ke kaɗai aka yi wa wannan yawo ba.

Akwai wata baiwar Allah da aka kawo mana, cibiyarta ce ke kumbura ta yi baƙi, ta riƙa ɗigar jini daidai kwanakin al'adarta, ta daina da ɗaukewarsa. Ta zo da laya a ƙugu da tabon tsaga kewaye da cibiyar, danginta sun gama yanke cewa sammu ne. Naman nan ne ya tsiro a wurin, aka yanke shi.

Tunda daga Argungu kike, akwai abu ɗaya da zan so a duba. Idan kin taso kina wanka da wanki a gulbi, ko kina shiga fadamar shinkafa, ki gaya wa likita. Tsargiya ba a mafitsara kaɗai take tsayawa ba, ƙwayayenta kan maƙale a bakin mahaifa da bututun ƙwai su jawo ciwon mara da toshewa. Maganinta praziquantel ne, mai sauƙin samu. Samun endometiriyosis bai hana a ce akwai ita ma ba.

Yanzu ga ƙwayar da ta tayar miki da hankali. Magani ce ta gaskiya ga wannan ciwo, ba yaudararki aka yi ba. Tunda juyin al'ada ne ke hura wutar ciwon, duk maganin da ke kwantar da shi yana yin haka ne ta hanyar kwantar da juyin. Ƙwayar tsarin iyali da ake sha kullum, da norethisterone wadda matanmu suka fi sani da Primolut N, ta ɗage al'ada lokacin aikin Hajji, da dienogest mai miligiram 2 da ake sayarwa da sunan Visanne, da allurar wata uku, da ashanar hannu, da robar mahaifa mai sinadari irin Mirena, duk hanyarsu ɗaya. Akwai kuma allura mai ƙarfi irin Zoladex da ke sa jiki ya zama kamar na wadda ta daina al'ada, wadda ba a so a wuce wata 6 ana yinta ita kaɗai saboda tana rage ƙarfin ƙashi. Ga budurwa, ko wadda ta haihu tana son hutu, waɗannan rahama ne. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ke ƙara damar samun ciki. Muddin kina kansu ciki ba zai shiga ba, idan kin daina kuma ba su bar miki wata riba ta haihuwa ba, sai watannin da suka tafi. Allurar wata uku ma ta fi, don bayan ta ƙarshe ƙwai kan yi jinkirin dawowa har kusan shekara.

Saboda haka hanya biyu ce, kuma ba a bin su lokaci guda: ko a kwantar da ciwo, ko a nemi ciki. Ke kin faɗi wadda kike so. Ki koma wurin likitan ki faɗa masa ƙarara, ba tare da kunya ba, cewa haihuwa kike nema yanzu. Sau da yawa mace ciwon kawai take faɗa, maganar haihuwar ta haɗiye ta saboda nauyin baki, likita kuma ga layi har waje, sai ya rubuta maganin abin da ya ji. Idan ƙwayar ta 'yan watanni ce kafin a shirya wani mataki, to a gaya miki matakin da ranarsa.

Matakin farko ba a jikinki yake ba, a jikin maigidanki yake. Ya yi gwajin maniyyi, bayan ya ƙaurace wa kwanciya kwana 2 zuwa 7. Gwaji ne mai arha, ba allura ba yanka, kuma a kusan rabin ma'auratan da ke jiran haihuwa akwai hannun namiji a matsalar. Ban yarda a yanka cikin mace ba alhali ba a duba mijinta ba. Ko yana da 'ya'ya da wata matar, ya yi, domin jiki na canzawa. Sannan a yi miki hoton bututu, wanda ake zuba wani ruwa ta bakin mahaifa bayan kin yi tsarki a ga ko yana wucewa. A kuma auna yawan ƙwan da ya rage miki, da gwajin jini na AMH ko da ƙirga su a hoton da ake yi ta gaba. Hoton ta gaba ya fi na kan ciki nuna wannan ciwon nesa ba kusa ba, kada kunya ta sa ki ƙi shi, kina iya neman mace ta yi miki. Sashen mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, wanda aka fi sani da FMC, ko na Asibitin Sir Yahaya, nan ne wurin farawa, idan da buƙata su tura ki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ciwon yana hana ciki ta fuska da yawa. Mannewar nan kan karkatar da bututu ya kasa cafke ƙwai. Ruwan da ke cikin mara kan zama mai cutar da ƙwai da maniyyi. Ƙullutun kan cinye lafiyayyen naman ma'ajiyar. Sai kuma wanda ba a cika faɗa ba: mace mai jin zafin kwanciya gudunta take yi, kwanakin da ƙwai ke fita su wuce ba a sadu ba. Za ki ji ana maganar mataki na 1 zuwa na 4. Wannan awon yawan yaɗuwa da mannewa ne kawai, ba awon zafi ba, wata tana mataki na 1 tana birgima, wata tana na 4 tana daka.

Batun tiyata shi ne inda nake so ki buɗe kunne da kyau. Aikin kyamara, wanda ake huda ciki 'yan wurare ƙanana a shigar da madubi, yana ba da damar ganin ciwon, a yanke shi, a warware mannewa, a ɓare jakar ƙullutun. Yana rage ciwo, kuma yakan ƙara damar samun ciki. Zuƙe jinin kawai a bar jakar ba aiki ba ne, zai sake cika. Amma duk sanda aka ɓare ƙullutu daga ma'ajiyar ƙwai, wani abu na lafiyayyen ƙwai yana tafiya tare da shi, kuma mace da adadin ƙwanta aka haife ta, ba a ƙara mata. Aiki na farko a hannun gwani yana da amfani, na biyu da na uku ɓarnarsu kan fi gyaransu. Don haka kada ki yarda a buɗe ki don kawai an ga ƙullutu a hoto. Ki tambayi mai aikin: ya saba yin irinsa? Ma'ajiyar zai bari ko cirewa zai yi? A ganina, mai shekara 31 da ciwo mai kwantarwa, idan ƙwanta na da yawa, bututu a buɗe, gwajin miji lafiya, aiki ɗaya mai kyau ya dace da ita, sannan ta nemi ciki nan da nan, wata 6 zuwa shekara 1, ba tare da an ɗora ta kan maganin tsayar da al'ada ba. Idan kuwa ƙwan ya yi ƙasa, ko bututun biyu sun toshe, ko maniyyi na da rauni, to kuɗin tiyatar gara a tara su don dashen ciki.

Dashen ciki, wato IVF, shi ne a ciro ƙwanki a haɗa da maniyyin mijinki a ɗakin gwaji, a mayar cikin mahaifa, an tsallake bututu da mannewa gaba ɗaya. Tun 1978 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta shi idan akwai buƙata, da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, a mahaifarta kuma za a dasa. Ba zan ɓoye miki ba, kuɗinsa miliyoyi ne, sai an yi tafiya Abuja ko Kano ko Legas, kuma ko a Turai kusan 1 cikin 3 ne ke dacewa a gwaji guda ga matan da ba su kai 35 ba. Bayan 35 adadin yana sauka da sauri. Abin da ya sa nake ta jaddada lokaci ke nan: shekara huɗun da ke gabanki sun fi duk wani magani daraja, kada a cinye su a yawon jiƙo.

Akwai abubuwan da za a kawo miki da sunan taimako, ki guje su. Wankin ciki ba ya buɗe mahaifa, ciwonki ma ba a cikinta yake ba, kuma kankarar kan iya manne bangonta. Yankan gishiri ba abin da yake warkarwa, yoyon fitsari yake jawowa. Cushe-cushen kayan mata kan ƙone gaba su kawo sanyin da a da babu shi. Clomid, ƙwayar sa ƙwai ya fita, da ake saya a kemis ba tare da hoto ba ba ta da amfani ga wadda ƙwanta ke fita da kansa. Addu'a da ruƙiyya kuwa ki riƙe su, ba su hana zuwa asibiti.

To ciwon fa, kafin cikin ya samu? Sirrin magungunan zafi irin ibuprofen ko mefenamic acid shi ne a fara su da alamar farko, kafin ciwon ya kafa, a sha bayan an ci abinci, na kwanakin al'ada kawai. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma sai ta tambayi likita, kuma da zarar kin ga ɓatan wata ki ajiye su ki koma farasitamol. Gorar ruwan ɗumi a kan mara tana taimakawa ƙwarai, haka tafiyar ƙafa da cin ganye don kada bayan gida ya yi tauri. Ki yi nesa da allurar penta da tiramol. Mun ga matan aure masu mutunci da suka fara da allura ɗaya a kemis saboda ciwon wata, suka ƙare cinyoyinsu duk gyambo, ba sa iya wuni sai da ita. Ki fara shan folik asid tun yanzu. Ki kuma samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar zuwan jini, ranakun ciwo da abin da ya hana ki yi, ki tafi da shi asibiti tare da duk hotunanki na baya.

Maigida yana buƙatar ya ji wannan bayani daga bakin likita, ba daga bakinki kaɗai ba. Namiji da yawa yana ɗaukar gudun shimfiɗa a matsayin ƙiyayya ko raini, uwar miji kuma ta ce raki ne, wace mace ce ba ta al'ada. Idan ya ga hoton da idonsa yakan sauko. Ba sai kullum ba, saduwa duk bayan kwana 2 ko 3 ta wadatar, ku zaɓi yanayin da bai kai can ciki ba, ke ce za ki faɗi inda zafi yake.

Za ki ji ana cewa da kin haihu shi ke nan. Ciki da shayarwa suna kwantar da ciwon saboda al'ada ta tsaya, amma ga mata da yawa yana dawowa da dawowarta. A lokacin ne ƙwayar nan da kike ƙi yau za ta yi miki rana, tsakanin haihuwa da haihuwa. Masu hawan jini, ko ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, ko waɗanda jini ya taɓa daskare musu a jijiya, ba a ba su mai isturojin, akwai wasu. Waɗannan magunguna kan kawo ɗige-ɗigen jini a watannin farko, abin da ke rikita mata a kan salla da azumi. A mazhabar Malikiyya mai sananniyar al'ada tana ƙara kwana 3 a kan kwanakinta matuƙar ba su haura 15 ba, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, amma ki kai wa malama lissafin kwanakinki ta warware miki. Cire mahaifa kuwa sai ga wadda ta gama haihuwa kuma komai ya gaza, shi ma ba tabbas ba ne idan an bar naman da ke waje. Ga mafi yawan mata ciwon yana lafawa bayan ɗaukewar al'ada.

Idan Allah Ya sa kin ga ɓatan wata, kada ki bi al'adar ɓoye ciki har ya yi wata huɗu. Masu wannan ciwon sun fi sauran mata haɗarin ciki ya zauna a bututu, don haka ki yi hoto a sati na 6 zuwa na 7 a tabbatar yana cikin mahaifa. Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri ko suma ko ɗigon jini, ko da ciki ko babu, na asibiti ne a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, domin bututu ko ƙullutun kan iya fashewa.